Kowa Ya San Cajin Wayarsa, Babu Wanda Ya San Sanyin Firizar Gidansu

Duk matashin da aka tare a titin Sultan ko na Lamido aka tambaye shi saura nawa cajin wayarsa, ba sai ya duba ba zai ba da amsa. Ya san datarsa saura gig nawa, ya san ranar da za ta ƙare, wani ma ya san zafin da batirin yake kaiwa idan ya daɗe yana buga wasa. Amma a tambaye shi digiri nawa firizar gidansu take a yanzu, sai ya yi dariya ya ce ai tana sanyi sosai. Ita kuwa firizar nan, mako biyu bayan Babbar Sallah, abin da ke cikinta ya fi wayar tsada: cinyoyin raguna, kason watandar sa, kaji, katan ɗin kifi, da markaɗen kayan miya na wata guda. Waya in ta mutu asarar kuɗi ce kawai. Naman firiza in ya lalace, cikin mutanen gida yake shiga, har da jarirai da tsofaffi.

Nasarawa GRA unguwa ce da ake ganin wannan magana ba ta shafe ta ba. Manyan gidaje ne, akwai janareta a bayan kusan kowane gida, rufin wasu ya cika da faifan sola, ga inbata da jerin batura a ɗakin ajiya. Sai dai wannan wadatar ita ce take ɓoye matsalar. Gidan da ba shi da firiza, ranar da aka yanka ake soyewa, ko a yi kilishi, ko a rabar, ba ya ajiye abin da zai ruɓe masa. Gidan da ke da firiza biyu shi ne yake ajiye nama wata uku, yana sauya mata wuta sau huɗu ko biyar a rana, daga ta layi zuwa inbata, daga inbata zuwa janareta, da tsakar dare kuma a kashe komai saboda tsadar mai. Da safe a buɗe a ga ƙanƙara fes, a rufe da kwanciyar hankali. Abin da ya faru tsakanin ƙarfe biyun dare da asuba babu wanda ya gani.

Na'urar da za ta ga wannan ba ta kai kuɗin cajar waya mai kyau ba, wato ma'aunin sanyi mai riƙe lamba mafi girma da mafi ƙanƙanta. A cikin duk kayan zamanin da matashi zai iya shigo da su gida, da wuya a samu wanda ya fi shi amfani idan aka kwatanta da kuɗinsa.

Lambar da ake nema

Lambar ita ce digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, wadda ake rubutawa -18. Ita ce ƙa'idar ajiye daskararren abinci a kusan duk duniya, ita ce kuma ake bugawa a jikin kwalin kifi da kajin da suka fito daga kamfani. A ma'aunin da Amurkawa suke amfani da shi ta yi kusan daidai da sifili, shi ya sa wanda ya sayi ma'auni ya ga yana nuna 0 da harafin F a gefe kada ya firgita, maɓalli ɗaya ne zai mayar da shi C. Firji kuwa, ɓangaren da ba ya ƙanƙara, ana so ya tsaya a digiri 4 ko ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar tsakanin digiri 5 zuwa 60 a matsayin inda ƙwayoyin cuta suke hayayyafa cikin sauri a abinci.

Mutum zai ce, to ai ruwa a sifili yake daskarewa, me ya kai mu har 18? Nan ne hannu yake yaudarar mai shi. Ƙanƙara tana nan da taurinta a -1, tana nan da taurinta a -18, fatar hannu ba ta bambance su. Nama yana fara daskarewa a wajen -2, amma ba duka ruwan cikinsa ne yake daskarewa a lokacin ba, saboda gishiri da sauran sinadaran da ke narke a ciki. A -4 ko -5 naman ya yi tauri kamar dutse a waje, alhali akwai sauran ruwa a tsakanin tsokarsa, kuma wasu ƙananan halittu masu jure sanyi, musamman dangin fumfuna, suna iya ci gaba da aikinsu a hankali. Sai an sauka ƙasa da wajen -10 zuwa -12 sannan hayayyafa take tsayawa gaba ɗaya. Ratar da ke tsakanin nan da -18 ita ce garkuwa: tana rage saurin canjin ɗanɗano da warin kitse, tana kuma ba da sarari idan an buɗe murfi ko wuta ta ɗan ɗauke.

Maɓallin nan mai lamba 1 zuwa 7 da ke gefen firiza ba digiri yake nunawa ba. Matsayi ne kawai na yawan sanyin da injin zai nema kafin ya huta. Lamba 4 a watan Janairu, lokacin hunturu, ba ita ce lamba 4 a watan Afrilu ba, sa'ad da zafin Kano yake haura digiri 40. Hatta firizar zamani mai allo a ƙofa, sau da yawa abin da allon yake nunawa shi ne sanyin da aka umarce ta ta kai, ko ta kai ko ba ta kai ba.

Akwai kuma taurarin da ake bugawa a ƙofar ɗan akwatin ƙanƙara na ƙaramin firji, waɗanda mutane suke ɗauka ado ne. Tauraro ɗaya yana nufin -6, biyu -12, uku -18, huɗu kuwa yana nufin tana iya daskarar da ɗanyen abinci daga farko. Ɗalibin da yake cusa ɗanyar kaza a akwati mai tauraro ɗaya ya bar ta wata guda, ya ɗora wa akwatin aikin da ba nasa ba.

Abin da ke faruwa idan an ɗauke wuta

Hukumomin abinci na Amurka suna da wata ƙa'ida da ta yaɗu a intanet: firizar da ke cike tana riƙe sanyi kimanin awa 48 idan ba a buɗe ba, wadda take rabi awa 24, firji kuwa awa 4 kacal. Wasu kamfanoni a nan Najeriya suna tallar firizar da suka ce tana riƙe ƙanƙara har awa 100. Duk waɗannan lambobi sun ginu a kan sharaɗi ɗaya, cewa firizar ta riga ta kai cikakken sanyinta kafin wutar ta tafi, kuma ba a taɓa murfin ba. A gidan da yara suke buɗewa kowane rabin awa don ɗaukar ruwan leda, sharaɗin ya rushe tun kafin azahar.

Akwai wani lissafi da ya kamata duk mai firiza ya sani, domin shi ne yake bayyana dalilin da ido yake ruɗuwa. Ɗaga kilo ɗaya na ƙanƙara daga -18 zuwa sifili ba ya buƙatar zafi mai yawa, kimanin kilojul 38 ne. Amma narkar da wannan kilo ɗin ya zama ruwa yana cin kilojul 334, kusan ninki tara. Ma'anar wannan ita ce, idan wuta ta tafi, firiza tana hawa da sauri daga -18 zuwa kusa da sifili, sai ta tsaya a nan ta daɗe tana narkewa kaɗan-kaɗan. A duk tsawon wannan lokaci ƙanƙara tana nan a gani, buhun fiya wata yana nan da tauri, amma gefen nama da na kifi, musamman waɗanda ke sama kusa da murfi, sun riga sun saki.

Komawar kuma ta fi tafiyar wuya. Duk zafin da ya shiga sai injin ya fitar da shi, kuma ƙarfinsa yana da iyaka. A takardar bayanin kowace firiza akwai lambar da ke nuna kilo nawa take iya daskararwa a awa 24, kuma firizar gida da yawa ba su wuce kilo 10 zuwa 20 ba. Don haka awa uku na janareta da daddare ba sa biyan bashin awa goma na rana. Sai a wayi gari firiza tana yawo tsakanin -2 da -8 tsawon makonni, ba ta narke ba balle a ankara, ba ta kuma kai inda ake so ba. Alamarta tana nan ga mai lura: jini ya daskare a ƙasan leda, nama ya manne da juna ya zama dunƙule ɗaya, ƙanƙara mai manyan ƙwayoyi ta taru a cikin ledar, ayis kirim ya yi ƙasa-ƙasa a baki kamar an zuba masa yashi.

Wannan manyan ƙwayoyin ƙanƙara su ne Clarence Birdseye, Ba'amurken da ya kafa sana'ar daskararren abinci a shekarun 1920, ya gano cewa su ne maƙiyan ɗanɗano. A yankin Labrador na Kanada ya ga kifin da ya daskare nan take cikin tsananin sanyi yana dawowa kamar sabo, wanda ya daskare a hankali kuwa yana yin laɓo-laɓo, saboda manyan ƙwayoyin suna yayyaga tsokar. Duk narkewa da sake daskarewa a firizar Kano maimaita wannan ɓarna ce. Uwargidan da take ƙorafin cewa naman yanzu ba shi da daɗi, wataƙila ba laifin mahauci ba ne.

Kano ta ga ƙarshen wannan a watan Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka samu matsala, yawancin jihohin yankin suka yi sama da mako guda cikin duhu. Wanda ya samu man janareta ya ci gaba da kunnawa awa biyu ko uku a rana yana jin ya tsira. Ba tare da ma'auni ba, babu yadda za a yi ya san ko ya tsira ɗin.

“Ai za a dafa”

Wannan ita ce hujjar da ta fi kowace ƙarfi a bakin mutane, kuma akwai gaskiya a cikinta. Girkin Hausawa ba ya wasa da wuta. Miya tana daɗewa tana tafasa, nama a tafasa shi sannan a soya, kuma wannan yana kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta irin su Salmonella. Da ana cin nama da jini-jini a nan kamar yadda wasu ƙasashe suke yi, da ɓarnar ta fi haka. Shi ya sa mutum zai ce shekara ashirin ana haka a gidansu babu wanda ya mutu.

Sai dai tafasa tana kashe ƙwayar cuta ne, ba ta wanke duk abin da ƙwayar ta bari ba. Kifin nan da ake kira titus, da danginsa irin su sadin da tuna, idan suka ɗumama bayan an kama su, ƙwayoyin cuta suna samar da wani sinadari mai suna histamin a tsokarsu. Suya ba ta lalata shi, sake daskarewa ba ta lalata shi, kuma ba lallai kifin ya yi wari ba. Wanda ya ci, cikin mintuna ko awa ɗaya zuwa biyu sai fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya yi ƙaiƙayi, wani har gudawa. Sai a ce ai jikinsa ne ba ya son kifi. Haka ma gubar da Staphylococcus take bari a dafaffen abincin da hannu ya taɓa, da wadda Bacillus cereus take bari a shinkafar da ta daɗe da ɗumi, duka suna jure zafin ɗumame. Shinkafar biki da aka bari a kula tun azahar, aka tura firiza da daddare, firiza ba za ta gyara ta ba. Sanyi yana dakatar da agogo ne kawai, ba ya mayar da shi baya.

Ga kuma abubuwan da ba a dafawa kwata-kwata: zoɓo, kunun aya, fura da nono, yogot, yankakken kankana. A gidaje da yawa waɗannan suna kwance a firiza ɗaya da ɗanyen nama, wani lokaci a ƙarƙashinsa. Muddin komai yana daskare babu matsala. Ranar da ledar kaza ta saki ta fara ɗiga, ruwanta yana sauka a bakin robar zoɓon da yaro zai kafa kai ya sha. Akwai ma ƙwayar Listeria, wadda take iya hayayyafa a sanyin firji, kuma ta fi yi wa masu juna biyu da jarirai illa. Ita ce ta haddasa annobar Afirka ta Kudu a 2017 zuwa 2018, inda sama da mutum 1,000 suka kamu, sama da 200 suka rasu, ta hanyar sarrafaffen naman da ake ci ba tare da an sake dafawa ba.

Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya ce mutum miliyan 600 ne suke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa, kuma nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'a. Ba firiza ce ta jawo duka ba, ko kusa. Amma a garin da duk zazzaɓi da ciwon ciki ake kiransu maleriya da taifod tun kafin a je gwaji, abin da firiza ta jawo ba zai taɓa samun sunansa ba.

Wane ma'auni, kuma me ya sa ba mai Wi-Fi ba ne farko

Matashi mai son kayan zamani, da jin wannan, hankalinsa zai tafi kan na'urar da za ta turo masa sanarwa a waya. Akwai su, kamfanoni irin su Govee da Inkbird da SwitchBot suna yin ƙananan na'urori masu haɗuwa da waya ta Bluetooth ko Wi-Fi, su zana jadawalin sanyi na kwanaki a manhaja. Jadawalin nan yana da daɗin kallo, yana kuma koyarwa: mutum zai ga daidai lokacin da aka kashe janareta, da lokacin da aka zuba buhun ruwa mai ɗumi, da awa nawa firiza ta ɗauka kafin ta farfaɗo.

Amma a yi la'akari da Kano. Lokacin da aka fi buƙatar sanarwar shi ne lokacin da babu wuta, kuma a lokacin ne na'urar Wi-Fi ta gida ita ma take mutuwa, sai fa idan tana kan batir. Firiza kuma akwatin ƙarfe ce, tana toshe sigina. Batirin da aka saba saya a shago yana rauni a tsananin sanyi, sai na litiyom ne yake jurewa. Don haka mafi dacewa shi ne ma'auni mai siririyar waya, wanda allonsa da batirinsa suke waje, kan wayar kaɗai ke shiga ciki, kuma yana riƙe lamba mafi girma da ya gani tun daga lokacin da aka share shi. Wannan lamba ita ce duk labarin. Da safe a duba: idan mafi girma -15 ce, dare ya wuce lafiya. Idan -3 ce, firizar tana rayuwa ne a bakin rami. Idan ta haura sifili, akwai magana. Wanda yake son na waya, ya nemi mai ajiye bayanai a cikin kansa, wanda zai zuba su a manhaja duk lokacin da aka matso kusa, ko da intanet ko babu.

Inda aka ajiye kan ma'aunin ma yana da muhimmanci. A firiza mai murfi a sama, wurin da ya fi ɗumi shi ne sama kusa da murfi, can ya kamata a auna, a soke kan tsakanin ledoji biyu don ya karanta sanyin abinci maimakon na iska. Gwada ingancinsa kuma ba ya buƙatar komai sai kofi cike da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa: ya kamata ya nuna sifili ko kusa da haka sosai.

Dabarar nan da take yawo a TikTok, ta ɗora kwabo a kan kofin ƙanƙara don a ga ko ya nutse, ta fi babu. Amma sai an kai sifili an daɗe a can sannan kwabon yake motsi, kuma ƙanƙara tana iya narkewa ta gefe ta yi iyo da kwabon a kanta ta sake daskarewa. Firizar da ta kwana a -2 za ta ci wannan jarrabawa kullum.

Ƙa'idar yanke hukunci kuwa gajera ce. Abincin da har yanzu yake da ƙanƙara a jikinsa, ko bai haura digiri 4 ba, ana iya mayar da shi ya daskare, ɗanɗano ne kawai zai ragu. Nama, kifi, kaza ko madarar da suka haura digiri 4 sama da awa biyu, hukumomin lafiya cewa suke a zubar. Sansanawa ba gwaji ba ce, ɗanɗanawa kuwa ganganci ne.

Maganar kuɗin wuta

Babu wanda zai yi maganar firiza a yau ya tsallake kuɗi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kwana da janareta ya zama abin lissafi har a GRA. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kowane yunit, kafin daga baya a ɗan sassauta. A wannan farashi, firizar da take cin yunit biyu a rana ta kai naira 13,500 a wata. Ba abin mamaki ba ne maigida ya ce a riƙa kashe ta da rana, ko a murɗa maɓallin ƙasa.

Har a duniya ma ana wannan muhawara. A taron sauyin yanayi na COP28 da aka yi a Dubai a 2023, wasu manyan kamfanonin sufuri da na abinci sun ƙaddamar da yunƙurin mayar da ƙa'idar daga -18 zuwa -15 don rage cin wuta, suna cewa abinci ba zai cutu ba. Ta fuskar ƙwayoyin cuta suna da hujja, domin a -15 ma babu mai hayayyafa. Amma suna magana ne a kan manyan rumbunan sanyi da wutarsu ba ta ƙiftawa, inda -15 take zama -15 dare da rana. A gidan da ake ɗauke wuta babu sanarwa, wanda ya fara daga -15 ya fi kusa da bakin rami.

Wurin rage kuɗi yana wani gefen. Firizar da aka ajiye a baranda rana tana dukanta, ko aka manna ta da bango a kicin kusa da murhun gas, ko aka lulluɓe ta da ƙyalle don ado har ya toshe inda take fitar da zafi, tana cin wuta ne don yaƙi da zafin da aka jawo mata. Robar bakin murfi idan ta saki, takarda ma za ta zare ba tare da turjiya ba idan aka datse ta da murfin, kuma ta nan sanyi yake zurarewa. Ƙanƙarar da ta yi kauri a bango tana hana sanyi isa ga abinci. A bar ta ta narke da kanta, kada a sa wuƙa, domin firizar yanzu da yawa suna amfani da gas ɗin R600a mai kama wuta, kuma bututunsa yana nan a bayan bangon.

Mai shirin sayen sabuwa kuma ya duba wasu haruffa a takardar da ke bayanta. N tana nufin an gina ta don ɗakin da bai wuce digiri 32 ba, ST digiri 38, T kuwa digiri 43. Tsofaffin firizar da ake shigowa da su daga Turai, da yawansu an yi su ne don yanayin can. A watan Afrilun Kano injinsu zai yi ta kuka ba hutu, bai kuma kai -18 ba. Mai murfi a sama ta fi mai ƙofa riƙe sanyi, domin iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubowa idan an buɗe. Sai ɗan akwatin kariya da ake sawa a soket, wanda yake jinkirta kunnawa na 'yan mintuna bayan an kawo wuta. A gidan da ake sauya layi sau biyar a rana, shi ne yake tsawaita ran kwamfireso.

Firizar da ba ta cika ba kuwa, a cika ta da robobin ruwa, a bar sarari a saman kowace don kada ta fashe. Lissafin kilojul 334 ɗin nan a nan yake zama riba. Idan aka narkar da gishiri a ruwan, misali giram 100 a cikin kusan lita guda, zai gama narkewa tun a wajen -6, wato shi zai riƙa shanye zafi tun kafin nama ya fara saki. A dai rubuta a jikin robar, kada wani ya ɗauka ya sha.

Ranar Sallah da watan azumi

Lokuta biyu ne firizar Kano take shan wahalar da ta fi ƙarfinta. Na farko ranar layya, da ake cusa naman rago biyu ko kason sa gaba ɗaya, da ɗuminsa, a manyan ledoji. Tsakiyar irin wannan tulin yana iya yin kwana biyu bai daskare ba, kuma zafinsa yana narkar da abin da ya tarar a ciki. Gara a raba shi ƙananan ledoji na girki ɗaya-ɗaya, a baje su su yi faɗi kamar littafi, a jera a jikin bango, a rubuta kwanan wata, a shigar da su kashi-kashi gwargwadon ƙarfin firizar. Abin da ya rage a bi da shi hanyar kakanni. Suyar layya da ake ƙafewa sosai a cikin mai, da kilishi, da dambun nama, duk hanyoyi ne na cire wa ƙwayoyin cuta ruwan da suke rayuwa da shi, kuma ba sa jiran wuta daga kowa.

Na biyu watan azumi, da kowane gida yake zama masana'antar ƙanƙara, don sha da sadaka ko don sayarwa. Buhun fiya wata ɗaya lita 10 ne. Buhu biyu kaɗai sun cinye duk ƙarfin yini guda na firizar gida, kuma naman da ke ƙasa shi yake biyan kuɗin. Gidan da ke da firiza biyu, kamar yawancin gidajen unguwar nan, ya ware ɗaya ta ruwa da zoɓo wadda yara za su yi ta buɗewa, ɗaya ta nama da kifi wadda ake buɗewa sau ɗaya a rana.

Wahalar da ta rage ba ta na'ura ba ce. Firiza a gidan Bahaushe hurumin uwar gida ce, kuma ɗan da zai zo ya ce wa Umma a zubar da kaza huɗu saboda wata lamba a allo, zai sha kallo. Ba a fara wannan magana ranar da abu ya lalace. A manna allon a inda kowa zai gani, a nuna wa Umma da mai taya ta aiki maɓallin sharewa, a bar su su ga da idonsu yadda lambar take tashi duk daren da aka kashe janareta da wuri. Bayan mako guda, ita da kanta za ta kai wa Alhaji maganar awa nawa ya kamata injin ya ƙara yi da daddare.